Jona hedifon a amfilifayar sifika: tambayoyi da amsoshi

Makon jiya wani matashi daga Tudun Wada, mai sa kiɗa a wuraren biki, ya kawo mini hedifon ɗinsa shago. Tun kafin in buɗe shi ƙaurin ƙonewa ya daki hancina. Ashe kan wayar ya yanke ya ɗaura a bayan amfilifaya, wurin da ake jona sifika, don ya riƙa gwada sauti da dare ba tare da ya hana maƙwabta barci ba. Abin da yake so mai yiwuwa ne, kuma ba shi da tsada. Ga abin da ya tambaye ni da yadda na amsa masa.

Malam, me ya ƙona shi alhali ban ƙure sauti ba?

Wutar ta fi ƙarfinsa. Amfilifaya mai wat 50 a kan sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta) tana fitar da bolt 20 idan an ƙure ta. Yawancin hedifon da ke hannun mutane om 32 ne, kuma bolt 20 a kan om 32 wat 12.5 ke nan. Shi kuwa hedifon, miliwat 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat, kan ishe shi ya cika maka kunne. Wayar da aka naɗe a cikinsa siririya ce kamar gashi. Saboda haka ɗan murɗa maɓalli bisa kuskure, ko wannan "dum" da wasu amfilifayoyi kan yi idan an dawo da wuta, ya isa ya narkar da ita. Ko bai ƙone ba, za ka riƙa jin "shuuu" a ƙarƙashin kiɗan, wanda sifika ke ɓoyewa amma hedifon ke kai shi har cikin kunne.

To in sa rizista ɗaya, ɗan abin nan mai rage wuta, a kan wayar bai wadatar ba?

Zai rage wutar. Haka tsofaffin rediyoyin falo suke yi, rizista mai om ɗari biyu da wani abu ko 330 tsakanin amfilifaya da ramin hedifon. Akwai ma ƙa'idar ƙasa da ƙasa, IEC 61938 ta 1996, da ta ba da shawarar om 120. Sai dai om ɗin hedifon ba ya tsayawa wuri guda, yakan hau a wajen bas. Idan babbar rizista ce kaɗai a gabansa, bas ya kumbura ya yi laɓo-laɓo. Mai sauraron labarai ba zai damu ba, amma mai haɗa sauti zai rage bas a kunnensa, ya je wurin biki ya tarar babu shi.

To yaya ake yin haɗin rizista biyu maimakon ɗaya?

Kowane ɓangare, hagu da dama, rizista biyu. Daga jan baki na amfilifaya ka jona mai om 100. Daga ƙarshenta ka jona ƙarama mai om 3.3 ta koma baƙin baki. Mahaɗar su biyun nan ce za ta tafi hedifon. Babbar tana shanye mafi yawan wutar, ƙaramar tana riƙe hedifon kada ya yi yadda ya ga dama, domin masu aikin sauti sun fi son om ɗin da hedifon ke gani a bayansa kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗinsa. Ga mai om 32, om 4 ke nan, kuma 3.3 na ƙasa da haka.

Lissafin ya fito kamar haka: bolt 20 ya koma kusan bolt 0.6, hedifon ya samu miliwat 10 da ɗoriya. An sauke sautin da desibel 30 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), "shuuu" ɗin ma ta sauka tare da shi, kuma maɓallin sauti ya samu filin juyawa. Rizistar om 100 za ta ɗauki kusan wat 4 idan an ƙure, don haka ka nemi farar nan mai kusurwa huɗu kamar alli, wadda aka rubuta 5W a jikinta. Ƙaramar kuwa rabin wat ya ishe ta. Zanenta ruwan lemo biyu, sai ruwan zinariya biyu. Idan hedifonka mai om 250 ko 300 ne, ya fi son bolt, sai ka mai da ƙaramar om 10 ko 22.

Kowace amfilifaya za ta karɓi wannan haɗin?

A'a, kuma nan ne na fi jin tsoro. Kan hedifon zobe uku ne: hagu, dama, da waya ɗaya da suke tarayya a kanta. Wato da ka jona shi, ka haɗe baƙaƙen bakuna biyu na amfilifaya. A yawancin tsofaffin amfilifayoyin gida da ma a haɗe suke daga ciki, babu laifi. Amma na mota da yawa, da ƙananan allunan nan masu arha irin TPA3116 da samari ke haɗa akwatin kiɗa da su, da duk wadda aka mayar kan "bridge", wato aka haɗa ɓangarorinta biyu su tura sifika ɗaya, baƙin bakinsu ma wuta yake turawa. Ka haɗe su, ka sa ɓangare biyu suna kokawa da juna. In ka yi sa'a ta kashe kanta, in ba ka yi ba aisi, wato ɗan guntun da ke ƙara sautin, ya ƙone.

Gwajin minti ɗaya ne. Kashe amfilifayar, zare ta daga soket, ka sa mita a kan om, ka taɓa baƙaƙen bakunan biyu. Idan ta nuna sifili ko dab da shi, ci gaba. Idan ta nuna wani abu dabam, ka dakata. Irin wannan sai hedifon da aka sauya wa waya, kowane kunne da wayoyinsa biyu da ba sa haɗuwa ko'ina.

Tsohuwar amfilifaya mai kwalabe fa, irin ta makaɗan jita?

Ita ba ta son a kunna ta babu kaya a bayanta, taransifomarta na iya lalacewa. Ka sa mata rizista mai om 8 wadda wat ɗinta ya kai na amfilifayar a madadin sifika, sannan ka yi haɗin a gefenta. Mai taransista ba ta buƙatar wannan.

Ina zan samu kayan?

Wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna. A Panteka ma akan ciro fararen rizistocin daga matattun na'urori, sai dai ka auna su da mita kafin ka biya. Ka sa su a ƙaramin akwati mai ramukan shan iska, nesa da roba, don suna zafi.

Da na gama, shi ke nan kunnena ya tsira?

Hedifon ne ya tsira. Miliwat 10 ma na iya wuce desibel 100 a hedifon mai saurin amsawa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar da ba ta cutar da kunnen babban mutum ita ce desibel 80 na awa 40 a mako. Kafin ka fara amfani, auna bakin fitar da mita a kan DC, ka tabbatar yana kusa da sifili. Sannan a kullum ka mai da maɓalli ƙasa, ka kunna amfilifaya, ka jona hedifon, ka ɗaga sauti a hankali. In za ka kashe, hedifon za ka fara zarewa.