Me ake nufi da “abinci mai jinkirin narkewa” a sahur?

Da watan Ramadan ya kama, za ka ji likitoci suna ta nanata cewa a yi sahur da abinci mai jinkirin narkewa. Mutane da yawa sun ɗauka ana nufin abinci mai nauyi ne, wanda zai zauna a ciki kamar dutse. Sai mutum ya cika tumbi da asuba, amma kafin azahar jiki ya yi laƙwas, kai na sara masa.

Maganar ta shafi saurin da abinci ke komawa sukari a cikin jini ne. Duk abinci mai sitaci, shinkafa ce ko burodi ko dankali, in ya isa hanji sai ya narke ya zama gulukos, wanda shi ne makamashin jiki, musamman ƙwaƙwalwa. Wani abincin yakan kwarara gulukos ɗinsa cikin jini gaba ɗaya, wani kuma sai ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Idan sukari ya hau lokaci guda, jiki yakan fitar da insulin mai yawa don ya kwashe shi, bayan 'yan awanni sai sukarin ya faɗo, yunwa ta dawo tun da hantsi. Wanda ba ya azumi zai nemi abin taɓawa, mai azumi kuwa sai dai ya jira faɗuwar rana.

Akwai ma'aunin wannan abu, ana kiransa GI (glycemic index a Turance). Dakta David Jenkins da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto da ke Kanada ne suka fito da shi a 1981. Ana ba mutane abinci mai ɗauke da sitaci ko sukari giram 50, a bi diddigin jininsu na awa biyu, a kwatanta da zallar gulukos da aka ba maki 100. Abin da ya samu 55 zuwa ƙasa shi ne mai jinkiri, 70 zuwa sama mai sauri. Farin burodi da dafaffen dankalin Turawa sun haura 70. Yawancin dangin wake ba sa kaiwa 40.

Me ya kawo wannan tazara? Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne faiba, wato dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye, waɗanda ke rage wa narkewa gudu. Da zarar an surfe hatsi tas, an niƙe shi ya yi laushi, an dafa ya yi luguf, to an yi wa ciki rabin aikinsa tun a waje. Haka lemo: wanda aka ɓare aka ci da zarensa daban yake da wanda aka matse aka tace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla giram 25 na faiba a rana, kuma mai cin abinci sau biyu kacal sai ya sa ido kafin ya cike wannan.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ba sai an canza tukunya ba. Haɗi shi ne maganin. Farar shinkafa in aka haɗa ta da wake da ganye, ko burodi da ƙwai da madara, ciki ba ya saurin sauke su, sukarin ma sai ya shiga jini a hankali.

Sai dai a yi hattara, lambar GI ba ita kaɗai ake dubawa ba. Kankana tana da maki mai yawa, amma kusan dukanta ruwa ne, yanka ɗaya ba ya tayar da sukari sosai. Soyayyen abu kuma yana iya samun ƙaramin maki saboda maiƙonsa, alhali shi ke kawo ƙwarnafi, in ya ji gishiri kuma ya bar mutum da ƙishirwa wuni guda.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Hanta na ajiye gulukos kimanin giram 100, shi jiki ke ja idan abincin da ke hanji ya ƙare. Wanda ya ci abinci da ƙarfe sha biyun dare ya kwanta ya fara taɓa wannan ajiya tun kafin gari ya waye sosai. Zaidu bin Sabit, Allah ya yarda da shi, ya ce tsakanin sahur ɗinsu da Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, da tsayuwar salla gwargwadon karatun aya 50 ne, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Jinkirta sahur yana rage tsawon awannin da hanta za ta ɗauki nauyin jiki ita kaɗai.

Mai ciwon sukari kuma, musamman wanda ke allurar insulin, kada ya tsaya a kan wannan bayani. Ya ga likitansa tun a Sha'aban, domin yawan magani da lokacin shansa sukan buƙaci gyara kafin a ɗauki azumin farko.