Wai mene ne "moshan kontrol" ɗin nan da ake ta zagi?

Tun da Switch 2, na'urar buga gem ta kamfanin Nintendo, ta fito a watan Yunin 2025 kalmar moshan kontrol ta sake dawowa bakin mutane, duk bidiyon sharhin gem da ka buɗe sai ka ji an jefo ta, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne yawanci a matsayin zagi ake faɗarta. Da an ce gem kaza yana da moshan kontrol sai ka ji wani ya ce "a'a, na girgiza hannu ne, ni ba na yi". Rannan ma na ji wani mai sharhi yana cewa wai abu ne da aka gwada a zamanin Wii, tsohuwar na'urar gem ta Nintendo, ya faɗi warwas. Wii ɗin da aka sayar da sama da miliyan 101 fa. To Allah ya ba mu irin wannan faɗuwar.

Ma'anar dai kowa ya sani, sarrafa wasa da motsin hannu a maimakon danna maɓalli kawai. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Matsalar ita ce abubuwa daban daban ne da ko kama ba su yi ba aka cusa su cikin suna ɗaya, shi ya sa mutum biyu za su yi awa guda suna gardama, ɗaya na cewa shirme ne ɗaya na cewa ba abin da ya fi shi daɗi, alhali kowa da abin da yake nufi.

Rimot ɗin Wii na asali, wanda ya fito a Nuwamban 2006, ido ɗaya gare shi da kunne ɗaya, in ce haka. Kunnen wata 'yar na'ura ce mai jin fizga, aksilaromita ake ce mata. Abin da ta sani kawai shi ne an fizgi rimot, da ƙarfi ko a hankali, sannan idan ka riƙe shi cik tana iya gane ina ne ƙasa saboda nauyin da ke jan komai ƙasa. Amma ba ta san inda hannunka yake ba, kuma in ka kwantar da rimot ka juya bakinsa hagu ko dama a hankali ko a jikinta. Da wannan kurman kunnen aka yi takubban farko. A Zelda: Twilight Princess ka kaɗa rimot ta ko'ina ka ga dama, Link, jarumin gem ɗin, sara iri ɗaya zai yi kamar ka danna maɓalli. Abin dariyar ma, Link bahago ne tun asali, amma da yake yawancin mutane da dama suke riƙe rimot sai Nintendo suka juya duniyar gem ɗin baki ɗaya kamar a madubi, gabas ta koma yamma, don kawai takobin ya dawo hannun dama. Duk wannan wahalar a kan takobin da ba ya bin hannunka. Wannan shi ne girgizar da mutane suka tsana, kuma ban ga laifinsu ba, maɓalli ne da aka mayar da shi mai gajiyar da kafaɗa.

Idon kuwa labarinsa daban. Akwai kyamara a bakin rimot, ita ke kallon wannan siririyar sandar da ake ɗorawa kan talabijin, Sensor Bar, wato wai sanda mai ji da gani. Sunan ma yaudara ne, sandar ba ta jin komai ba ta ganin komai, fitilu ne kawai masu hasken da idon mutum ba ya gani, rimot ne ke kallonsu ya lissafa inda kake nunawa. Shi ya sa in sandar ta lalace za ka iya kunna kyandir biyu ka ajiye su a gaban talabijin da ɗan tazara, kuma wallahi yana aiki. To da wannan idon ake saita bindiga, kuma tun 2007 aka tabbatar yana yi, duk wanda ya buga Resident Evil 4 na Wii ko Metroid Prime 3 ya san ba a haɗa saurin saitinsu da na analog, wato ɗan sandan nan na hannun gem da ake turawa da babban yatsa. Ka nuna, ka ja kunama, shi ke nan. Ke nan bindiga ba ta taɓa zama babbar matsalar ba. Takobi ne.

Ba inda wannan ya fito fili kamar a Red Steel da na biyunsa, na kamfanin Ubisoft, reshensu na Faris. Na farkon tare da Wii ya fito a 2006, labarin 'yan daban Japan wato yakuza, daga Los Angeles zuwa Tokyo, kuma tallarsa ta sa mutane sun ɗauka takobi za su riƙe na gaske a falo. Da aka saya sai aka ga kana kaɗa hannu, takobin ya ɗan yi tunani, sannan ya yi wani sara da aka riga aka shirya masa wanda wani lokacin ba ruwansa da abin da ka yi. Kuma ba kai ke zaɓar lokacin zare takobi ba, gem ne. Kana tafe da bindigarka cike da harsashi, sai wani ya tare ka da takobi, sai jaruminka don tsabar mutunci ya ajiye bindiga ya zaro nasa. Ni har yau wannan na ba ni dariya. Ko bindigar ma juya kyamara da nauyi yake a wannan na farkon, amma an fi yafe masa nan.

A tsakanin na ɗaya da na biyu ne Nintendo suka fito da Wii MotionPlus, a Yunin 2009, wani ɗan dunƙule da ake maƙalawa a gindin rimot. Abin da ke cikinsa shi ne jairoskof, wanda 'yan gem ke gajartawa su ce jairo. Kalmar tsohuwa ce sosai, wani masanin kimiyya Bafaranshe Léon Foucault ne ya raɗa ta a 1852, daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya juyawa ɗaya gani, wato "mai ganin juyi", shi kuma juyawar duniya yake son nunawa da ita. Na cikin rimot ba faifai ne mai juyawa irin nasa ba, ɗan mitsitsin abu ne mai karkarwa, amma aikin ɗaya ne, yana auna saurin juyawar hannunka. Lura, juyi yake gani, ba wuri ba. Kuma lissafi yake yi yana tarawa, kuskure kaɗan kaɗan na taruwa, shi ya sa bayan ɗan lokaci sai ka ga takobi ya karkace kana riƙe da rimot a miƙe, sai gem ya ce ka kifa rimot a kan tebur ya dawo hayyacinsa.

Red Steel 2 ya fito a Maris 2010, kuma ba ya tashi sam in babu MotionPlus. Suka watsar da komai na farkon, ba yakuza ba Tokyo, suka koma wani gari a hamada mai suna Caldera inda kaboyi da samurai suka cakuɗe, zane kamar na katun, jarumi ɗan ƙabilar Kusagari da malfa da doguwar riga. Babban canjin shi ne ba wanda zai sake ce maka yanzu lokacin takobi ne. Ka nuna allo ka danna kunama, harbi. Ka kai sara, takobi ya fito. Kana iya cilla mutum sama da takobi ka bi shi da harsashi kafin ya faɗo. Sannan ƙarfin sara na da muhimmanci, masu sulke ba sa jin 'yar kaɗa wuyan hannu daga kan kujera, sai ka ɗaga hannu tun daga kafaɗa ka zabga kafin sulken ya fashe. A nan rimot ɗaya ke aiki biyu a lokaci guda, ido na bindiga jairo na takobi, kuma wanda ya ce wannan da girgizar Twilight Princess abu ɗaya ne to bai riƙe rimot ɗin ba.

Sai ɗayar kalmar da ke tafiya tare da moshan kontrol, wan-tu-wan, wai duk yadda hannunka ya motsa haka takobin zai motsa daidai wa daida. Wannan ita ce ta fi ci min rai, saboda masu talla na faɗarta kamar alkawari, masu suka kuma na amfani da ita kamar sanda, "ai ba wan-tu-wan ba ne". To ba zai taɓa zama ba, kuma ba laifin na'ura ba ne. Ka kai sara, abokin gaba ya kare da garkuwa, takobin da ke allo ya tsaya cak. Hannunka fa? Ya wuce abinsa har ƙasa, don ba abin da ya tare shi a falo sai iska. Daga wannan daƙiƙar hannu na wani wuri takobi na wani wuri, dole gem ya yi maka wata dabara. Kuma rimot ba shi da nauyi, yaro ma zai iya kaɗa shi sau da yawa a daƙiƙa ɗaya, in da gaske takobi zai bi hannu ba wanda zai koyi faɗa, kowa zai riƙa karkaɗa hannu ne kamar mai korar sauro har a ci wasan. Bindiga ba ta da wannan ciwon kan ko kaɗan, don harsashi ne ke tafiya ba hannu ba.

Abin da Red Steel 2 ya yi shi ne ya karanta nufinka, ta ina saran ya taso, da wane ƙarfi, sara ne ko suka, sannan ya ba jarumi ya yi shi yadda gwani zai yi. A ganina wannan ba gazawa ba ce, ita ce kaɗai hanyar da ke da ma'ana, ni dai ban saya gem don in ga yadda ni ɗin nan nake riƙe takobi ba. Zelda: Skyward Sword na Nuwamban 2011 ma haka ya yi ta wata fuskar, in kana ɗaga rimot a hankali takobi na binka, amma da ka kai sara sai a sa shi cikin ɗaya daga kusurwoyi takwas ko kuma suka. Suka mayar da kowane faɗa kamar wasa ƙwaƙwalwa, Ghirahim, babban abokin gaba na farko da za ka kara da shi, in ka nuna masa ta inda za ka sara sai ya cafke takobin da yatsu. Mutane da yawa a nan suka fara zagin na'ura, alhali girgizar da suka saba da ita ce ta daina ci.

Wani abin kuma, da yawa daga masu cewa ba sa son moshan kontrol suna amfani da shi kullum ba su sani ba. Saiti da jairo, wanda gem ɗin harbi na Splatoon ya yaɗa tun 2015, inda analog ke juya ka sannan ka ɗan karkata hannun gem ka daidaita saiti, ai shi ma moshan kontrol ne. Kawai dai ba wanda ya ce ka tashi tsaye. Sony da PlayStation Move, Microsoft da Kinect, na'urorinsu na wasa da motsin jiki, duk a ƙarshen 2010, su suka ƙara cusa wa mutane cewa kalmar na nufin tsalle tsalle a gaban talabijin, har sunan ya ɓaci.

Red Steel 2 ya samu yabo fiye da na farko nesa ba kusa ba, amma bai yi kasuwa ba, na farkon ya riga ya ƙona masa suna ga kuma sai ka mallaki ƙarin na'ura, kuma har yau ba a yi na uku ba. Da aka sake fito da Skyward Sword a Switch a Yulin 2021 sai da aka ƙara zaɓin sara da analog na dama don waɗanda ba sa son ɗaga hannu. Shi kuwa Jason VandenBerghe da ya jagoranci Red Steel 2, gem ɗin takobin da ya yi daga baya shi ne For Honor na 2017, inda kake zaɓar ta sama ko hagu ko dama za ka sara ko ka kare, dukkansu da babban yatsa ɗaya, kana kishingiɗe a kujera.