Dokar Amurka da ta ba hukumomi izinin sa gasar kuɗi ga masu bincike

Yadda aka saba, gwamnati kan ba mai binciken kimiyya tallafi tun kafin ya fara aiki, ko ya dace ko bai dace ba kuɗi ya riga ya fita. A watan Janairun 2011 Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan dokar America COMPETES da majalisa ta sabunta a 2010, wadda ta buɗe wa hukumomin tarayya wata hanya dabam: hukuma ta faɗi matsalar da ta dame ta, ta ajiye kuɗi, wanda ya warware ya ɗauka. Kafin nan hukumomi ƙalilan ne, irin su hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, ke da wannan izini.

Dokar ta hana alkawarin baka. Ba a shelanta kyauta sai majalisa ta ware kuɗin, ko wani mai zaman kansa ya ɗauki nauyinsa a rubuce. In abin da za a raba ya haura dala miliyan 1, sai da amincewar shugaban hukumar. In ya haura miliyan 50, sai an sanar da majalisa an jira kwana 30. Alƙalin gasa kuma ba zai zama ɗan'uwa ko ma'aikacin wani ɗan takara ba.

Sashen da ya fi burge ni shi ne na haƙƙin mallaka. Gwamnati ba za ta samu rabo a cikin abin da mutum ya ƙirƙira ba sai ya yarda a rubuce. Amma kuɗin na ɗan ƙasar Amurka ne, ko mai takardar zaman dindindin, ko kamfanin da aka yi wa rajista a can kuma can ne cibiyar harkarsa. Likitan da ke bincike a Kano ko Yamai ba zai karɓa da sunansa ba.

Binciken tsufa shi ma ya shigo wannan tsari ta dokar 21st Century Cures ta 2016, wadda ta umarci hukumar binciken lafiya ta NIH ta riƙa sa irin wannan gasa. Cibiyarta ta nazarin tsufa ta fara da fasahar kula da masu cutar mantuwa ta Alzheimer. Babbar kyautar fannin kuwa ba ta gwamnatin Amurka ba ce: gidauniyar XPRIZE ta sa dala miliyan 101 a 2023 don neman maganin da zai maido wa tsofaffi ƙarfin tsoka, kaifin ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki na aƙalla shekara 10 baya.

A nan nake da damuwa. Gasa tana tafiya daidai in akwai ma'aunin da kowa ya yarda da shi, tsufa kuwa har yau masana na muhawara kan yadda za a auna shi. Sannan gwajin magani a jikin mutane yana cin shekaru da maƙudan kuɗi, kuma ɗan takara ne zai nemo su kafin a san wa ya ci. Ƙaramin ɗakin binciken da ba shi da mai ɗaukar nauyi, ko da dabararsa ta fi ta kowa, yana iya tsayawa tun bai kai matakin gwaji ba.