Sulhun da ba a cika ba: yadda dokar Kalifoniya ta riƙa bin sawun 'yan kwangilar gini

Yawancin rigingimun da ke tashi tsakanin masu gida da 'yan kwangilar gini a Amurka ba sa kaiwa gaban alƙali. Rufi ya fara yoyo, ko an bar aiki rabi da rabi bayan an karɓi kuɗi, sai a yi ta kai ruwa rana, a ƙarshe a zauna a rubuta yarjejeniyar sulhu: ɗan kwangila zai dawo ya gyara kafin rana kaza, ko zai mayar da kuɗi kaza, mai gida kuma zai janye ƙorafinsa. Matsalar tana farawa ne idan ranar ta zo ta wuce, ma'aikata ba su bayyana ba, kuɗi bai shigo ba, waya kuma ta daina shiga. Tambayar da jihohi suka shafe shekaru suna fama da ita ita ce, shin hukumar da ta ba mutum lasisi tana da hurumin taɓa lasisin saboda ya karya alƙawarin da ya sa wa hannu?

Jihar Kalifoniya ta kafa hukumar ba 'yan kwangila lasisi a 1929, wadda a yau ake kira CSLB, kuma tana kula da lasisi sama da 280,000. Tun asali an gina aikinta a kan hukunta laifi a cikin sana'a, kamar watsar da aiki ba dalili, ko yin aikin da bai kai matsayin da sana'ar ta amince da shi ba, ko gaza kammala aiki a kan farashin da aka yi ciniki. Karɓo wa mutane kuɗinsu aikin kotu ne. Wannan rabon aiki yana da ma'ana a takarda, amma ga wanda ruwa ke zuba a ɗakin kwanansa, dakatar da lasisin wani ba ya toshe rufi, shari'ar da za ta ci shekaru da kuɗin lauya kuma sau da yawa ta fi ƙarfin abin da ake nema.

Doka ta yi ƙoƙarin rage asarar tun daga tushe. Ɗan kwangilar gyaran gida ba shi da ikon karɓar kafin alƙalami fiye da kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Kowane mai lasisi kuma dole ya ajiye takardar lamuni wadda za a iya biyan wanda aka cuta daga cikinta. Lamunin ya tashi daga dala 12,500 zuwa 15,000 a 2016, sannan ya kai 25,000 daga farkon 2023. Duk wanda ya san tsadar gini a jihar ya san wannan adadi bai taka kara ya karya ba, balle idan mutane da yawa ne suke bin ɗan kwangila ɗaya.

Inda doka ta fi nuna haƙoranta shi ne wurare biyu. Na farko, hukuncin mai raba gardama. Hukumar tana da tsarin da take tura ƙananan rigingimu gaban wani masani da ba ya ɓangaren kowa, ya saurara ya yanke. Idan asarar ba ta wuce dala 25,000 ba kuma mai gida ya yarda, ana iya tilasta wa ɗan kwangila ya halarta. Daga nan zuwa dala 50,000 sai da amincewar ɓangarorin biyu. Sashe na 7085.6 na dokar sana'o'in jihar ya ce wanda ya ƙi bin wannan hukunci za a aika masa da sanarwa, bayan kwana 30 lasisinsa ya tsaya da kansa, idan kuma ya ci gaba da taurin kai a soke shi baki ɗaya. Na biyu, hukuncin kotu. Sashe na 7071.17 ya wajabta wa mai lasisi ya sanar da hukuma cikin kwana 90 idan kotu ta yanke masa biyan kuɗi kan abin da ya shafi aikin gini kuma bai biya ba, kuma lasisin yana tsayawa har sai ya biya ko ya ajiye lamunin da ya kai adadin bashin. Dokar ta ma hana waɗanda ke riƙe da kamfanin su sulale su koma ƙarƙashin wani lasisi da sabon suna, dabarar da ta daɗe tana wahalar da masu bin haƙƙinsu.

Yarjejeniyar sulhu da mutum biyu suka ƙulla a tsakaninsu ba ta cikin waɗannan biyun. A idon doka kwantiragi ce kamar kowace, kuma wanda aka karya wa ita sai ya sake ɗaukar wani mataki kafin ta zama abin da ke tsayar da lasisi kai tsaye. A nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Mai gida ya janye ƙorafinsa da zuciya ɗaya, wani lokaci ma ya sa hannu cewa ya yafe duk wata da'awa, sannan ya zauna jiran kashi na biyu na kuɗin da ba zai zo ba. Lokaci kuma yana tafiya, domin hurumin hukumar na hukunta laifin da ke bayyane shekara 4 ne daga ranar da aka aikata shi, shekara 10 kuma ga ɓoyayyen lahani a ƙashin ginin. Ɗan kwangilar da ya iya jan ƙafa yana cin ribar kowane watan da ya wuce.

Akwai gada ɗaya da lauyoyi suka daɗe da sani. Sashe na 664.6 na dokar tafiyar da ƙararrakin jihar, wanda ya samo asali a 1981, ya ba kotu damar mayar da sulhu hukunci idan an ƙulla shi ne a cikin ƙarar da ke gabanta, a rubuce da sa hannu ko da baki a gaban alƙali. Da zarar ya zama hukunci, sashe na 7071.17 ya hau kansa. Amma gadar ta masu ƙara a kotu ce, kuma mafi yawan masu gidajen da aka cuta sun yi sulhu ne daidai domin ba su da halin zuwa kotun.

Ɓangare na biyu na tarihin ya shafi ɓoye sulhun kansa, kuma a ganina shi ne mafi muni. An daɗe ana cusa wa masu gida sharaɗin cewa ba za a biya su ba sai sun yi alƙawarin ba za su kai ƙorafi hukuma ba, ko za su janye wanda suka kai. Majalisar jihar ta haramta wannan a 2012 ta hanyar dokar da ɗan majalisa Jerry Hill ya gabatar, wadda ta zama sashe na 143.5: irin wannan sharaɗi ba shi da ƙarfi, kuma mai lasisin da ya sa shi yana iya fuskantar horo. Duk da haka, a lokacin babu abin da ya tilasta wa ɗan kwangila ya faɗa wa hukuma cewa ya biya diyya.

Abin da wannan shiru ke haifarwa ya fito fili a daren 16 ga Yuni, 2015, a birnin Berkeley, lokacin da barandar wani bene ta ɓalle da matasa 13 a kanta ana bikin zagayowar ranar haihuwa. Shida suka mutu, akasarinsu ɗalibai ne daga ƙasar Ailan, bakwai suka ji munanan raunuka. Bincike ya gano cewa katakan da ke riƙe da barandar sun ruɓe saboda ruwan da ya riƙa shiga yana kwanciya a cikinsu. Daga baya aka ji cewa kamfanin da ya yi ginin ya biya kimanin dala miliyan 26.5 a sulhu daban-daban kan lahanin gini cikin 'yan shekarun da suka gabaci hatsarin, alhali hukumar da ta ba shi lasisi ba ta da labari. An soke lasisin a 2017. A 2018 aka zartar da dokar da ta wajabta kai rahoton duk hukunci ko sulhun da ya kai dala miliyan 1 kan lahanin gini a gidajen haya masu iyalai da yawa, ta fara aiki a 2019. Mataki ne na gaske, sai dai iyakarsa a fili take, tunda mai gida ɗaya da ke bin dala 30,000 bai shiga lissafinta ba.

Wasu jihohi sun bi wata hanya. Fulorida ta kafa asusun biyan masu gida a 1993, shekara guda bayan guguwar Andrew ta rushe dubban gidaje ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kwangila marasa amana. Arizona ma tana da irin wannan asusu, wanda ke biyan har dala 30,000. A jihohin biyu, idan asusun ya biya a madadin ɗan kwangila, lasisinsa yana tsayawa har sai ya mayar da kuɗin. Amma a can ma asusun ba ya buɗewa da takardar sulhu kaɗai, sai an samu hukunci ko umarni daga kotu ko mai raba gardama ko hukumar lasisin.

'Yan kwangila suna da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa ba kowane sulhun da ya wargaje ne laifinsu ba, domin akwai mai gidan da ke hana ma'aikata shiga, akwai kuma wanda ke ƙaro buƙatu bayan an sa hannu. Suna ƙara da cewa tsayar da lasisi yana toshe hanyar samun kuɗin da za a biya bashin da shi. Dokar tarayya ma ta ja layi: tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1971 a shari'ar Perez da Campbell, da sashe na 525 na dokar karayar arziki ta 1978, jiha ba ta da ikon hana mutum lasisi don kawai bai biya bashin da kotun karayar arziki ta sauke masa ba. Waɗannan hujjoji suna nuna cewa a saurari ɗan kwangila kafin a hukunta shi, kuma hukumomin lasisi dama suna da tsarin sauraron ɓangarori. Ba na ganin sun isa dalilin da zai sa alƙawarin da mai lasisi ya rubuta da hannunsa, musamman wanda ya ƙulla domin a rufe binciken da hukuma ta fara a kansa, ya zama mai rauni fiye da hukuncin da aka ɗora masa da ƙarfi.

Masu ba da shawara kan wannan harka suna jaddada abubuwan da tarihin nan ya koyar: a rubuta adadin kuɗi da ranakun biya dalla-dalla, kada yafewar da'awa ta fara aiki sai kashi na ƙarshe ya shiga hannu, idan akwai ƙara a kotu a nemi alƙali ya ci gaba da riƙe hurumin tilasta sulhun, kuma a tuna cewa a Kalifoniya babu wani sharaɗin sulhu da zai iya hana mai gida komawa hukuma da ƙorafinsa matuƙar wa'adin shekara 4 ko 10 bai ƙare ba.