Tsani da Sikafol a Aikin Gini

Tsani da sikafol su ne hanyoyi biyu da birkiloli, kafintoci, masu fenti da masu gyaran wuta ke bi su kai ga aikin da hannu ba ya isa daga ƙasa. Tsani na hawa da sauka ne, ko ɗan aikin da ba ya ɗaukar lokaci. Sikafol kuwa dandamali ne na wucin gadi da ake haɗawa a jikin gini domin mutum ya tsaya a kai da kayan aikinsa. Hukumar HSE mai kula da lafiyar ma'aikata a Birtaniya ta ba da shawarar cewa idan aiki zai riƙe mutum a kan tsani fiye da minti 30, a nemi wani abin tsayawa. Filasta, ɗora bulo da fentin bene duk aikin sikafol ne.

Ire-iren tsani

A Kaduna ana ganin tsanin gwangwala da na gora, da na katako da kafinta ke bugawa nan take a wurin gini, da na ƙarfe irin wanda masu walda ke haɗawa a kasuwar Panteka, sai na alminiyom da ake shigowa da shi, mai zugewa ko mai buɗe ƙafa biyu. Alminiyom ba shi da nauyi, amma wuta na bi ta cikinsa kamar sauran ƙarafa. Shi ya sa ake yi wa masu aikin lantarki tsanin faiba, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Katako ma idan ya jiƙe ba abin dogara ba ne kusa da waya. Ba a shafa wa tsanin katako fenti, domin fenti na ɓoye tsagewa da cin gara. Matakin da ƙusa kaɗai ke riƙe da shi ya fi saurin cirewa; gwanin kafinta yakan ɗan sassaƙa masa gurbi a jikin sandar kafin ya buga.

Kafa tsani

Ƙa'idar ita ce ɗaya cikin huɗu: idan kan tsanin ya jingina a tsawon mita 4, gindinsa ya ba bango ratar mita 1. Wannan ke ba da kusurwar digiri 75. In ya miƙe fiye da haka yana iya kifewa baya da mai hawa, in ya kwanta da yawa gindin ya zame. Tsanin hawa rufi ko dakin (rufin kankare) ya zarce bakin wurin da mita 1, a kuma ɗaure shi da igiya. Yaron da ake cewa ya riƙe gindi ba zai iya tare nauyin babban mutum ba. Mai hawa ya fuskanci tsanin, hannu biyu da ƙafa ɗaya ko ƙafa biyu da hannu ɗaya suna kansa a kowane lokaci. Kwanon sarki cike da siminti ba ya barin a yi haka, don haka gara a ja kaya da igiya. Silifas kuwa, wanda lebura da yawa ke aiki da shi, santsi ne da shi.

Sikafol

Ana haɗa shi da gora ko katako, ko da bututun ƙarfe mai kaurin milimita 48.3 da maɗauransa. Ko wanne ne, ƙarfinsa daga ƙasa yake farawa. Da damina jar ƙasar Kaduna kan yi laushi, musamman cikon da aka zuba a gefen tushen gini, sai ƙafa ɗaya ta nutse dandamalin ya karkace. Maganinsa faffaɗan filanki a ƙarƙashin kowace ƙafa. Ɗora ƙafar a kan bulo mai rami ko tsohon duro ganganci ne da aka saba gani har ya daina ba mutane tsoro.

Sai an sa sanduna a gicciye kuma an ɗaure sikafol da jikin gini ne zai daina lilo. Bakin dandamali na buƙatar shinge mai tsawon kusan mita 1, da ɗan katako a ƙasansa don kada cebur ko bulo ya faɗo kan na ƙasa. Nauyi ma abin lura ne: buhun siminti kilo 50 ne, goma sun zama rabin tan a kan filanki biyu. A dokar Birtaniya ana duba sikafol kowane kwana 7 da kuma bayan iska mai ƙarfi, kuma iskar farkon damina a Kaduna ta isa dalili. Sikafol mai taya ba a tura shi da mutum a kai.

A unguwanni masu cunkoso irin su Tudun Wada da Rigasa, bene kan tashi dab da wayoyin wuta. Wutar manyan layuka masu ƙarfin kilobolt 11 da 33 tana iya tsallakowa ta kama bututu ko rodi tun bai taɓa su ba. Aiki a nan sai an sa kamfanin wuta ya kashe layin.

Doka

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 167 a 1988 kan kiyaye lafiya a wuraren gini. A Najeriya, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, daga asusun da masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kuɗi. Leburan da ake ɗauka a bakin titi da safe a sallame shi da yamma da wuya sunansa ya shiga rajistar wannan hukuma.