Me ake nufi da "zanen teku"?

Duk wanda ya ji an ce zanen teku, igiyar ruwa ce za ta fara faɗo masa a rai. To, kalmar ta wuce nan. Ta haɗa kowane zanen da ruwa da jiragensa su ne jigo, ko teku ne, ko kogi, ko tashar jirgi, har da 'yan dako da matuƙan kwale-kwale masu neman abinci a bakin gaɓa.

A Holan wannan fanni ya tsaya da ƙafafunsa, a ƙarni na 17, lokacin da arzikin ƙasar ya rataya a kan fataucin ruwa. Daga baya masu zanen teku 'yan Holan, Willem van de Velde da ɗansa, shi ma Willem, suka ƙaura Ingila, Sarki Charles II ya ba su ɗakin aiki a Greenwich, bakin kogin Tems.

Ni dai zanen wannan kogin ya fi taɓa ni. A da can, ƙasa da tsohuwar gadar Landan, jirage ne cunkus, sandunansu a miƙe kamar kurmi. Gaɓa ba ta isar su, don haka manyan sukan tsaya a tsakiyar ruwa, kwale-kwalen dako su je su sauke musu kwal da sukari da katako. Babu kyamara a lokacin. Da dama daga abin da ido ke iya gani na wannan rayuwa, masu zane ne suka adana mana shi.

Sai dai mai zane yakan saka zuciyarsa a ciki. Dubi The Fighting Temeraire, zanen Turner ɗan Ingila, wanda aka nuna a 1839, yana kuma ajiye a National Gallery, gidan adana zane-zane na Landan, har ya hau takardar fam 20 a 2020. Temeraire jirgin yaƙin Ingila ne da ya yi gumurzu a yaƙin teku na Trafalgar a 1805, ana jan sa a 1838 zuwa Rotherhithe, bakin kogin Tems, don a wargaza shi. Wani ɗan baƙin jirgin tururi na gaba yana feshin hayaƙi, tsohon na biye fari fat kamar fatalwa, rana na faɗuwa ja wur a gefe. A zahiri an riga an cire wa jirgin sandunansa kafin wannan tafiya ta ƙarshe. Turner ya mayar masa da su.