Tayar Hunturu: Tarihinta, Harafin Gudu da Matsayinta a Doka da Inshora

Tayar hunturu taya ce da ake ƙerawa musamman domin tuƙi a kan dusar ƙanƙara, da daskararren ruwa, da kwaltar da sanyi ya kama, a ƙasashen da ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da sifiri na tsawon watanni. Ana amfani da ita sosai a arewaci da tsakiyar Turai, da Kanada, da Rasha, da arewacin Japan, inda mai mota kan mallaki tayoyi kashi biyu, ya ɗaura na sanyi a Oktoba ko Nuwamba, ya kwance su a Maris ko Afrilu. Da yawa daga cikin tayoyin hunturu suna ɗauke da harafin gudu, wato harafin da ke nuna iyakar gudun da taya za ta jure, wanda bai kai na tayoyin da mota ta fito da su daga kamfani ba, kuma wannan ne ke jefa masu motoci cikin fargabar ko sun taka doka, ko sun ɓata inshorarsu. A yawancin ƙasashen Turai doka ta amince da wannan ragi bisa sharuɗɗa, amma ba ta yi irin wannan sassauci a kan lambar ɗaukar nauyi ba.

Tarihi

Galibi ana danganta tayar hunturu ta farko da ƙasar Finlan, inda kamfanin roba na Suomen Gummitehdas, wanda daga tsatsonsa kamfanin Nokian na yau ya fito, ya ƙera wata taya mai suna Kelirengas a 1934 domin manyan motocin ɗaukar kaya. Zanenta ya ratsa tayar ne a gicciye, da zurfi sosai, ta yadda za ta ciji dusar ƙanƙara ta kuma watsar da wadda ta maƙale mata, domin a wancan zamani ba kasafai ake share hanyoyin karkara ba, kuma direba ba shi da wata dabara illa ya naɗa wa taya sarƙa. A 1936 kamfanin ya fito da Hakkapeliitta domin ƙananan motoci, kuma har yau ana sayar da tayoyi da wannan suna.

Babban sauyi na gaba shi ne dasa ƙananan kusoshin ƙarfe a jikin roba, abin da ya bazu daga farkon shekarun 1960. Kusoshin sun magance matsalar sulɓi a kan daskararren ruwa, sai dai sun haifar da wata: suna kankare kwalta, su bar kwari biyu a kan hanya inda tayoyi ke bi, su kuma tayar da ƙura mai cutar da huhu idan ƙanƙara ta narke. Jamus ta Yamma ta hana su a 1975. A Japan, biranen Sendai da Sapporo sun sha fama da wannan ƙura a shekarun 1980, har jama'a suka yi ta ƙorafi, kuma a 1990 aka kafa dokar da ta taƙaita amfani da su ƙwarai. Matsin da kamfanonin Japan suka shiga shi ya hanzarta ƙera tayar da ke riƙe ƙanƙara ba tare da kusa ba, kamar Blizzak ta kamfanin Bridgestone da ta fito a 1988, wadda robarta ke da ƙananan ramuka masu tsotse siririn ruwan da ke kwance a saman ƙanƙara. Wannan ruwa, wanda ido ba ya gani, shi ne asalin santsin da ke kwashe mota.

Ƙasashen arewacin Turai ba su rabu da kusoshi ba, sun dai yi musu iyaka. A Oslo ana biyan kuɗi kafin a shiga gari da su, kuma a Istokholm an hana su a titin Hornsgatan tun 2010.

Yadda take aiki

Robar tayar da aka yi don lokacin zafi takan ƙage idan sanyi ya yi tsanani, ta kasa lanƙwasa ta kama ƙananan gargadar kwalta. Ita kuwa ta hunturu ana ƙara mata robar itace da sinadarin silika domin ta zauna da laushinta. Wanda ya danna zanenta da babban yatsa zai ga kowane tubali an tsattsaga shi da siraran layuka masu lanƙwasa, kamar an yi masa shasshawa da aska, kuma idan aka taka birki waɗannan tsagogi suna buɗewa su zama ɗaruruwan bakuna masu cizo. Manyan ramukan zanen kuma suna cika da dusar ƙanƙara da gangan, saboda dusa tana kama 'yar'uwarta fiye da yadda take kama roba.

Kamfanonin taya sukan ce daga digiri 7 na ma'aunin Salshiyas zuwa ƙasa tayar hunturu ta fi ta zafi. Akwai masu gwaji da ke jayayya da wannan adadi, musamman a kan busasshiyar kwalta.

Alamomi da zaɓi

Alamomi biyu ake gani a gefen taya. Ta farko ita ce M+S, wadda ke nufin taɓo da dusar ƙanƙara, kuma kamfani ne ke buga ta bisa ƙirar zane kawai, ba tare da wani gwaji na dole ba. Ta biyu hoton dutse ne mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a cikinsa, ana taƙaita sunanta da 3PMSF. Ƙungiyoyin masu ƙera taya na Amurka da Kanada ne suka fito da ita a wajajen 1999, daga baya ta shiga ƙa'ida ta 117 ta hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ba a buga ta sai tayar ta ci jarrabawar riƙo a kan dusa. Wannan ce alamar da ta cancanci a dogara da ita.

Wajen zaɓi, girman taya na rubuce a littafin mota ko a jikin ƙofar direba. Masana sun haɗu a kan cewa a ɗaura huɗu gaba ɗaya, domin idan na gaba kaɗai aka sauya, bayan mota na iya juyawa a kwana. Akwai bambanci kuma tsakanin mai laushi sosai da ake yi wa arewacin Turai da wadda ake yi wa tsakiyar Turai, inda hanya ta fi zama jiƙaƙƙiya kuma gudu ya fi yawa. Lambobi huɗu na ƙarshen hatimin DOT, wato jerin harufa da lambobin shaidar ƙira da ke gefen taya, suna nuna mako da shekarar ƙira, misali 3522 na nufin mako na 35 na 2022.

Harafin gudu da lambar nauyi

A rubutu irin 205/55 R16 91H, lambar 91 tana nuna cewa tayar za ta ɗauki kilo 615, harafin H kuwa yana nuna iyakar gudun da aka gwada ta a kai tana ɗauke da wannan nauyi. Q na nufin kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210, V 240, W 270, Y kuma 300. An ce tsarin ya samo asali ne a Turai a wajajen shekarun 1960 da harufa uku, S da H da V, kuma wannan ne dalilin da ake bayarwa na zaman H tsakanin U da V maimakon gurbinsa na abacada. Ana yin gwajin ne a ɗakin bincike, a matse tayar a jikin wani gangan ƙarfe mai juyawa, a riƙa ƙara gudu mataki-mataki don a ga ko za ta jure zafin da take tarawa. Saboda haka harafin ma'aunin jure zafi ne a sabuwar taya mai cikakkiyar iska, kuma ba ya faɗin komai game da ƙarfin birkinta a kan ƙanƙara.

Abin da ke sa tayar hunturu ta yi riƙo, wato laushi da zurfin zane da yawan tsagogi, shi ne kuma ke sa ta motsi da ɗumama idan aka yi gudu sosai. Don haka tayoyin arewacin Turai sukan tsaya a Q ko R ko T, na tsakiyar Turai kuma su kai H ko V ko fiye. Mai neman babban harafi a garin da ƙanƙara ke daskarewa wata huɗu yana iya sayen tayar da ta fi tsada amma ba ta fi amfani a hanyarsa ba.

Matsayin doka

Ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce harafin taya ya kai iyakar gudun da aka ƙera motar a kai, ko da kuwa dokar hanya ba ta bari a yi wannan gudu ba. An keɓe tayar hunturu daga wannan, tun a umarni mai lamba 92/23 na 1992 da dokokin da suka gaje shi: ana iya sauka, amma ba ƙasa da Q ba, kuma dole a manna takardar gargaɗi a inda direba zai riƙa gani, mai nuna iyakar gudun tayar. Motar da ta fito da 91V tana iya ɗaukar 91T, a manna takardar 190 kusa da sitiyari, direba kuma kada ya wuce hakan. Ba za ta ɗauki 88T ba idan takardunta sun gindaya 91, domin 88 kilo 560 ne kawai.

A Jamus babu ranar farawa ko ƙarewa, yanayin hanya ne ke wajabta tayar, kuma an tsaurara dokar a Disamba 2010. Tarar direba Yuro 60 ce da maki ɗaya a rajistar masu laifin hanya, ta koma 80 idan ya tare wa wasu hanya. Daga Oktoba 2024 alamar dutse kaɗai ake karɓa. Ostiriya ta sa wa'adin 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu idan akwai yanayin hunturu, da zurfin zane milimita 4. Suwidin ta sa 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris idan akwai yanayin hunturu, da milimita 3. Faransa ta wajabta tayar hunturu ko sarƙa a wasu yankunan tsaunuka tun Nuwamba 2021. Italiya ta fi kowa bin diddigin harafi, domin tayar M+S mai harafi ƙasa da na takardar mota ba ta halatta daga 16 ga Mayu zuwa 14 ga Oktoba. Lardin Kwibek na Kanada ya wajabta tayar tun 2008, kuma daga 2019 wa'adin ya zama 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Birtaniya ba ta wajabta tayar hunturu ba. Dokarta ta 1986 ta buƙaci taya ta dace da aikin da ake sa motar, da zane milimita 1.6, kuma tarar taya ɗaya mara kyau na iya kai fam 2,500 da maki uku a lasisi.

Inshora

A Birtaniya ne batun ya fi tayar da ƙura. Bayan tsananin sanyin 2010, an samu koke-koke cewa wasu kamfanonin inshora na ɗaukar tayar hunturu a matsayin sauya ƙirar mota, suna ƙara kuɗi a kan abin da ya kamata su yi maraba da shi. A 2011 ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasar ta fitar da wani alkawari da yawancin mambobinta suka shiga, cewa ba za su ƙara kuɗi ba muddin tayar tana da lafiya kuma ta dace da umarnin kamfanin da ya ƙera motar. Wasu dai suna so a sanar da su. Littafin mota yakan fayyace harafin da aka yarda da shi domin hunturu, kuma abin da ya fi aminci ga mai mota shi ne ya bi wannan, ya sanar da kamfanin inshorarsa, ya kuma adana amsar a rubuce.

A Jamus inshorar dole tana biyan wanda aka yi wa ɓarna ko da wace taya ce a motar mai laifi. Inshorar da ke biyan gyaran motar mutum kansa ce ake iya rage kuɗinta idan an tabbatar da babban sakaci, kamar shiga dusar ƙanƙara da tayar zafi. Ko ƙaramin harafi shi kaɗai zai iya hana diyya alhali ba a wuce iyakarsa ba, wannan ya danganta da rubutun yarjejeniya da dokar ƙasa. A lardin Ontariyo, tun Janairu 2016 aka wajabta wa kamfanonin inshora yin rangwame ga mai tayoyin hunturu.

A ƙasashe masu zafi

Hunturun ƙasar Hausa bai kai sanyin da zai buƙaci wannan taya ba, amma tana shigowa a jikin motocin Kwatano da cikin tayoyin gwanjo da ake kira 'yan Beljiyam, duk da cewa Najeriya ta sa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci cikin jerin kayan da aka hana shigo da su. Zurfin zanenta yakan ruɗi mai saye ya ɗauka ya samu taya mai ƙwari. A kan kwaltar bazara robarta na ƙara laushi, ta suɗe da wuri, nisan tsayawar mota bayan taka birki ya ƙaru, kuma idan aka haɗa da lodi fiye da kima da ƙarancin iska, haɗarin fashewa ya yi yawa. Direba ko mai faci zai gane ta da hoton dutse mai kawuna uku a gefenta, da yawan siraran tsagogi a zanenta, wani lokaci da ƙananan ramukan da aka cire kusoshi daga cikinsu.